KURTU DA HAFSA A KAN RUWA

Jama'a, wanda duk ya tashi daga nan Annandale ya bi hanyar Columbia Pike ya nufi gabas, kafin ya cika mil goma zai iske kansa gaban Pentagon, watau babban ofishin mayaƙan Amurka. Bisa tudun da ke duban ginin nan, da akwai wani dogon gida na ofisoshin sojan ruwa, an gina shi cikin 1941, aka rushe shi cikin 2013. In ka ƙetare kogin Potomac kuma, ga ma'aikatar jiragen yaƙi ta Washinton a bakin kogin Anacostia, wadda aka kafa tun cikin 1799. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ka iske maƙwabcinka tsohon sojan ruwa ne, ko ka ji ɗan wane ya gama makaranta ya sa hannu, an tafi da shi Great Lakes kusa da Shikago, inda a ke horon kuratansu.

Abin da ya kawo zancen nan shi ne, yaran nan in sun zo hutu ba su da hira sai ta manyansu. Wannan ya kwaikwayi tafiyar kyaftin, wancan ya kwaikwayi muryarsa, su yi ta dariya har da riƙe ciki. Dattawa kuwa su ɓata rai, su ce zamani ya lalace, yaro na sara wa mutum da rana yana yi masa ba'a da dare. Uwaye mata kuma na tsoron kada a kore shi, don sun san baki shi ke yanka wuya. Tsoron nan yana bisa hanya, amma zancen lalacewar zamani akwai gyara. Al'adar nan ta girmi kowa cikinmu, kakanninmu ma sun yi ta. Abin da ba kowa ya sani ba kuma, shi kansa zaman zango da mu ke taƙama da shi, akwai hannun wani hafsan ruwa a ciki.

HAFSAN RUWA DA YA KOMA TUDU

Sunansa John Hawley Glover. An haife shi cikin 1829, ya shiga sojan ruwan Ingila cikin 1841, yana yaro ɗan shekara goma sha biyu. Cikin 1857, yana laftanan, aka haɗa shi da Likita Baikie su hau kogin Kwara cikin wani jirgi mai suna Dayspring. Aikinsa shi ne auna zurfin ruwa da zana taswirar kogin. Suka wuce Lakwaja lafiya, suka wuce Rabba, amma da suka kai kusa da Jabba cikin watan Oktoba, sai jirgin ya daki dutse ya fashe. Mutanen ciki, har da Samuel Ajayi Crowther wanda daga baya ya zama bishop, suka fita gaɓa suka yi bukkoki, suka zauna jiran wani jirgi kamar shekara guda.

Glover bai iya zaman jira ba, sai ya kama hanyar Ikko ta ƙasa. Cikin tafiye-tafiyen nan ya haɗu da Hausawa waɗanda aka kamo aka sayar bayi cikin ƙasashen Yarbawa, waɗansu suka gudo suka bi shi, ya ga ƙarfin halinsu a hanya, abin ya zauna masa a zuciya. Ran 6 ga Agusta 1861 Ingilishi suka sa Sarkin Ikko, Dosunmu, ya sa hannu ya ba da garin, manuwarsu Prometheus kuwa na tsaye a bakin ruwa. Cikin 1863 aka ba Glover riƙon Ikko, a shekarar nan kuma ya tara Hausawa ya ba su bindigogi. Littattafan sojan Nijeriya sun ce da mutum 18 aka fara, kuma daga shekarar nan su ke ƙidayar haihuwar rundunarsu. To, ka ji abin dariya, wai yaro ya tsinci haƙori. Sojan ƙasa, masu yi wa na ruwa ba'a wai ba su san rana ba sai fararen kaya, ashe ubansu na fari mutumin ruwa ne wanda kogi ya kayar da shi ya komo tudu.

Ba a daɗe ba aka laƙaba wa 'yan rundunar nan suna, wai Ɓarayi Arba'in na Glover, kamar na labarin Ali Baba. Shi kuma mutanen Ikko, da bakinsu ya kasa kama sunansa, suka mai da shi Golobar. Rundunar ta ƙaru ta zama ɗaruruwa, cikin 1865 ta yi yaƙi da Egbawa a Ikorodu. Cikin 1873, da yaƙi ya tashi tsakanin Ingilishi da Tonawa, watau mutanen Asante, aka aiko Glover Gwalkwas da Hausawansa. Ya sauka Ankara, wadda a ke rubutawa Akra, ya ƙara ɗibar mutane, ya kafa sansani a Ada, bakin kogin Volta, da nufin ya ɓullo wa Kumasi ta gabas, Janar Wolseley kuma ta kudu. Wolseley ya shiga Kumasi ran 4 ga Fabrairu 1874, ya sa wuta, ya juya. Glover da mutanensa, bayan sun sha daji da zazzaɓi, ba su iso ba sai ran 12 ga wata, suka tarar an ci biki an watse, ba kome sai toka. Duk da haka labarin tahowarsu ya ƙara sa Sarkin Tonawa, Kofi Karikari, ya gaggauta aika manzanni neman sulhu a Fomena.

Bayan yaƙin nan da yawa ba su koma Ikko ba. Cikin 1879 aka kafa wa Gwalkwas tata rundunar daga cikinsu, wadda cikin 1901 ta zama rajimantin Gwalkwas, takenta kuwa da Hausa ya ke, Kullum Shiri. Wanda ya gama aiki sai ya nemi fili kusa da 'yan'uwa fatake da malamai, ya yi aure, ya zauna. Watau zango igiya biyu aka murɗa ta da su, ta fataucin goro da ta biyo Salaga, da ta bariki. Kada kuma mu ɓoye, aikin da aka sa su ba duka ne abin yabo ba, don har mutanen ƙasa suka riƙa kiransu buga-buga.

KA SA MINI SUNA, IN SA MAKA

Makamin farko cikin wasan babba da ƙarami shi ne suna. Tun kafin zamanin Glover, manuwar Ingila da ta Amurka masu tsaron gaɓar Afirka ta Yamma don kama jiragen bayi su kan ɗauki Kurumawa, mutanen gaɓar Laberiya, don sun fi kowa iya ratsa igiyar ruwa da kwalekwale. Hafsoshi ba su wahal da kansu koyon sunayensu ba. Sai su rubuta abin da ya zo bakinsu cikin littafin jirgi, wannan a ce masa Kwalbar Giya, wancan Kaskon Suya, wani Miyar Wake, duk da Turanci. Da sunan nan mutum zai karɓi albashi har ya bar aiki. Mai son ganin irin jiragen nan, ga Constellation can a tashar Baltimo. Ita ce uwar jiragen Amurka a gaɓarmu daga 1859 zuwa 1861, cikin Satumba 1860 kuma ta kama jirgin bayi mai suna Cora da mutum 705 a ciki.

To, babba in ya sa maka suna, a littafi ya ke rubutawa. Ƙarami ba shi da littafi, amma yana da baki, nasa kuwa ya fi daɗewa. Bahaushe bai taɓa barin Bature ya wuce ba tare da ya raɗa masa suna ba. Kyaftin Abadie, Razdan na Zazzau, Mai Jimina a ke ce masa. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, ya zama Ɗan Hausa, har yau kuwa gidansa da sunan nan a ke kiransa. Waɗannan na yabo ne, an faɗa musu a gaban ido. Akwai waɗanda ba a faɗi sai bayan an busa begilar barci.

Ga wata almara ta bariki a kan haka. Wai wani sabon laftanan, dogo siriri, ya tsai da kurtu wurin fareti yana ta surfa masa faɗa da Turanci saboda maɓalli guda da bai goge ba. Kurtu ya ƙame, ya sara, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, mai wuyan zalɓe."

Laftanan ya dubi saje ya ce, "Me ya ce?"

Saje ya ce, "Ya ce ya tuba, ranka ya daɗe."

A zamanin nan kuwa Hausa ce harshen bariki, kuma a kan bukaci hafsa Bature ya ci jarrabawarta. Bayan wata shida laftanan ya ci tasa. Ran nan wurin fareti ya zo daidai kurtun nan ya tsaya, ya ce da Hausa, "Zalɓe na gaisuwa. Ya ce a tuna maka kifi ya ke ci, yau kuwa kai ne kifin." Kurtu ya yi kwana bakwai yana sharar fili. Amma suna ya riga ya bi, har laftanan ya zama manjo Zalɓe a ke ce masa, shi ma in ya ji ya kan waiwaya.

ZUWA BAMA

Yawancin kakanninmu ba su san teku ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Cikin 1943 da 1944 aka kwashe manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka zuba su cikin jirage zuwa Indiya, daga can zuwa Bama. Waɗansu aka zaga da su ta kudancin Afirka, waɗansu ta Suwes, makonni ba ganin ƙasa. Mutumin da ruwan da ya sani bai wuce tafkin bayan gari ba, ga shi yau ƙarƙashin dokar matuƙan jirgi, waɗanda ke da ƙa'ida a kan kome, har inda za ka tofa yawu.

Daga tafiyar nan aka komo da barkwanci iri iri. Wai wani Bakatsine ya ɗebi ruwan teku ya kurɓa, ya tofar, ya ce lalle matar Sarkin Ruwan ƙasar nan ba ta iya miya ba. Wai wani kuma jiri ya kayar da shi, kwana uku ba abin da ke zama cikinsa. Hafsan jirgi ya zo wucewa ya tambayi lafiyarsa, sai ya ɗaga kai da ƙyar ya ce, "Ranka ya daɗe, a roƙi direba ya tsaya in sauka. Ku yi gaba, na iske ku Indiya da ƙafa."

Mai jin wannan ya yi dariya, amma ya tuna halin da masu faɗinsa su ke ciki. Sojan nan sun daɗe suna fareti ba takalmi, sai wajen yaƙin nan aka fara ba su. Amurka ta hana bulala cikin sojan ruwanta tun 1850, Ingila ta dakatar da ita cikin nata wajen 1880, amma ba a ɗauke ta daga kan baƙaƙen sojan Ingila na Afirka ba sai 1946. Mutumin da in ya ɗaga murya bulala ce, me ya rage masa? Hausawa sun riga sun ba da amsa, sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa.

RANAR DA A KE SAKIN LINZAMI

A kan ruwa abin ya fi tsanani bisa kan tudu. Sojan ƙasa in an tashi aiki ya shiga gari ya huce. Na ruwa fa, ina za shi? Zo mu zauna zo mu saɓa, ga shi kuwa an cusa ɗaruruwan mutane cikin akwatin ƙarfe wata da watanni, wanda ya ɓata maka rai da safe shi za ka sara wa da maraice. Kyaftin shi ne sarki, shi ne alƙali. A sojan ruwan Amurka har zuwa ran 1 ga Janairu 2019 yana da ikon ya tsare ƙaramin soja kwana uku ba abinci sai burodi da ruwa. Manyan da kansu sun gane tukunyar da ba ta da mafitar tururi fashewa ta ke yi, don haka suka yarda da waɗansu ranaku da a ke sakin linzami.

Babba cikinsu ita ce ranar ƙetare Ikwaita, watau layin da ya raba duniya arewa da kudu. Ran nan ba a duban igiya ko tauraro a kafaɗa, abin tambaya guda ne, ka taɓa ƙetarewa ko ba ka taɓa ba? Sai a naɗa wani tsohon soja Sarkin Teku, a sa masa gemun igiya da kambin kwali, ya zauna shari'a da fadawansa. Wanda duk bai taɓa ƙetarewa ba, ko hafsa ne, a gurfanar da shi, a karanta masa laifin ƙarya, a yi masa askin wasa, a tsoma shi cikin ruwa. Cikin Nuwamba 1936 Shugaban Amurka Franklin Roosevelt na cikin manuwa Indianapolis za shi Ajantina, shi ma sai da kotun nan ta aika masa sammaci, cikin laifuffukansa har da wai yana taɓa talakawan Sarkin Teku, watau kifaye, don an san shi da son kamun kifi. Yanzu an rage zafin wasan, an hana duka da wulakanci, wanda ba ya so kuma ba a tilasta shi. Ga wani abu kuma da ya shafe mu. Inda Ikwaita ta gicciye layin Girinwic, wanda ya ratsa ta Tema, yana cikin teku kimanin kilomita 600 kudu da gaɓar Gana, wanda ya ƙetare daidai wurin nan kuwa shaida ta dabam a ke ba shi, abin alfahari ne ƙwarai wurinsu.

A manuwar Ingila kuma akwai al'adar ranar Kirsimati. Mafi ƙanƙanta cikin jirgi shi ke sa rigar kyaftin ya zaga yana duba tsabta, hafsoshi kuwa su ɗauki faranti su raba wa ƙanana abinci. A makarantar hafsoshin ruwa ta Anapolis, wadda aka kafa cikin 1845, kamar tafiyar sa'a guda daga nan, akwai wani dogon dutse mai ƙafa 21 da a ke kira Herndon. Ƙarshen shekara manyan ɗalibai su kan shafe shi da maiƙo su ɗora hular 'yan aji ɗaya a bisa, su kuwa su hau kan juna har wani ya cire ta ya sa ta manya. Cikin 1995 sai da aka yi sa'a huɗu da 'yan mintoci, don an liƙe hular.

Kowane mataki da nasa. Sabon kurtu a kan sa masa rigar ceto da hular kwano, a ba shi doguwar ƙugiya, a tsai da shi a goshin jirgi cikin sanyi, wai ya yi gadin akwatin wasiƙu da zai taso bisa ruwa. Sabon hafsa kuma, ɗan shekara ashirin da biyu, a kan ba shi mutane cikinsu har da cif, watau samanjan ruwa, muƙamin da aka kafa cikin 1893, wanda ya kan yi shekara ashirin yana shan iskar teku. Wai irin wannan yaro ya kira cif ya ce yana da umurni. Cif ya sara ya ce, "Ranka ya daɗe, umurnin da ka ke shirin bayarwa na riga na gaya musu, sun gama."

Shin wannan duka baƙon abu ne gare mu? Ina wasan jika da kaka, wanda yaro zai ce wa tsoho ya ƙwace masa mata, tsoho ya yi dariya? Ina na taubasai, da na Kanawa da Zazzagawa, da Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa? Ina wasan gauta, inda a ke kwaikwayon sarki da hakimansa, sarki na zaune yana kallo? Magabatanmu sun san girma ba ya zubewa don an yi dariya ran da aka yarda a yi.

RUNDUNONIN GIDA

Sojan ruwan Nijeriya daga Ma'aikatar Marin ya tsiro, wadda ke lura da jiragen gwamnati da tashoshi da hanyoyin ruwa. An haɗa ta Arewa da ta Kudu cikin 1914. Ran 1 ga Yuni 1956 aka kafa rundunar da 'yan jiragen da ta gada, Kyaftin Skutil ne shugabanta na fari. Ɗan ƙasa na fari da ya riƙe ta, cikin 1964, shi ne Kwamado Joseph Wey, haihuwar Kalaba cikin 1918, wanda ya faro daga koyon aikin inji a Marin. Mutumin nan ya ɗanɗani zama ƙasa da zama bisa. Cikin 1966 ma, da mulki ya faɗa hannun Laftanan Kanar Yakubu Gowon, ɗan shekara talatin da ɗaya, wanda ke ƙasa da shi ga muƙami da shekaru, Wey ya tsaya ya yi aiki ƙarƙashinsa har 1975.

Gana ta kafa nata cikin 1959 da jirage biyu masu share nakiya da ta samo daga Ingila, aka sa musu Yogaga da Afadzato, dukansu sunayen duwatsu ne. Ɗan ƙasa na fari da ya shugabance shi, cikin 1961, shi ne David Hansen, daga sojan ƙasa aka ɗauko shi. Ka ga an biya bashin Glover ke nan, na ruwa ya kafa sojan tudu a Ikko, na tudu ya riƙe sojan ruwa a Ankara.

'Yan Arewa ma, da a ke cewa ba su san ruwa ba sai na randa, sun kai ƙololuwa. Murtala Nyako na Adamawa ya shugabanci rundunar Nijeriya daga 1990 zuwa 1992, Awwal Zubairu Gambo, mutumin Kano, daga 2021 zuwa 2023. Cikin 2021 aka ji za a kafa sansanin sojan ruwa a jihar Kano, fiye da mil 500 daga teku. Masu barkwanci suka sami nama, suna tambaya ko cikin Jakara za a girke manuwar. Ashe makarantar koyon sarrafa kayan aiki da guzuri ce, aka yi ta a Dawakin Tofa.

RANAR DA WASA YA ƘARE

Wasa na rage zafi, amma ba ya biyan hakki. Cikin Satumba 1931 gwamnatin Ingila ta rage albashi. Ƙananan sojan ruwa da yawa aka mai da su daga sule huɗu a yini zuwa sule uku, watau rubu'i ya tafi, abin da aka rage wa hafsoshi kuwa bai kai rabin haka ba. Ran 15 ga wata, a tashar Invergordon ta Sikotilan, ƙanana suka ƙi tayar da jirage. Ba su taɓa kowa ba, sun dai ƙi aiki kwana biyu. Tilas gwamnati ta sassauta ta mai da ragin kashi goma cikin ɗari, don sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Na Gana ya fi wannan muni, da yawa cikinmu kuwa sun gani da idonsu. Ran 4 ga Yuni 1979 ƙananan sojoji suka tashi suka kifar da manyansu. Kafin watan ya ƙare aka harbe manyan hafsoshi takwas, cikinsu har da Riya Admiral Joy Amedume na sojan ruwa, ran 26 ga wata. Ran nan ba wanda ya yi dariya.

A Amurka an sami babban da ya shafa wa gemunsa ruwa tun da wuri. Admiral Elmo Zumwalt ya hau shugabancin sojan ruwa cikin 1970 yana da shekara 49, ya tarar samari na gama wa'adinsu suna gudu. Ya saurari abin da su ke yi wa ba'a, ya gane nan ciwon ya ke. Ya riƙa aika takardu kai tsaye zuwa kowane jirgi, har 121. Ta 57, cikin Nuwamba 1970, ta soke ƙananan dokokin da ba su da amfani sai cin rai, ta yarda soja ya tsai da gemu. Ta 66 kuma ta yi magana a kan wariyar da a ke nuna wa baƙaƙe. Tsofaffin hafsoshi suka yi ta gunaguni, daga baya ma aka sake hana gemun, amma ya nuna ba'ar ƙanana wasiƙa ce, mai hankali shi ke buɗe ta ya karanta.

To, samarinmu, ku riƙe wannan. Wargi wuri ya ke samu. Raina hafsa a gaban idonsa laifi ne cikin dokar soja, ya kan jawo rage albashi ko cire igiya, bakin rijiya kuwa ba wurin wasan makaho ba ne. Ku yi rahar ku tsakaninku, in an zo aiki ku ƙame. In an zalunce ku da gaske, kada ku tsaya ga habaici, akwai ƙofar kai ƙara, ku bi ta. Wanda Allah ya ɗaukaka cikinku ya zama hafsa kuma, ya sani lalle an raɗa masa suna. Ya bincika ya ji, zai koyi abin da ba a koyarwa a Anapolis.

Ku kuma dattawa da uwaye, in yaro ya zo hutu ya fara kwaikwayon kyaftin, a bar shi ya kai aya, a taya shi dariya, jikan mutanen Golobar ne. Ranar da ya zo ya zauna shiru, aka tambaye shi labarin jirgi ya ce ba kome, ran nan ne za a jawo shi ɗaki a tambaye shi abin da ke damunsa.

Allah ya kiyaye mana su bisa ruwa da bisa tudu, ya komo da su gida lafiya, amin.